Shekarar da Na Bar Hatsi

Ni haifaffiyar Yelwa ce, kuma a gidan masa na tashi. Inna, mahaifiyata, ta fara sana'ar masa tun kafin in yi wayo, a ƙofar gidanmu da ke kan hanyar gangarawa bakin ruwa. Masunta da masu jiragen inji da 'yan dakon albasa duk a wurinta suke karyawa. Shinkafa ce ta ciyar da mu, ita ta ɗinka mana kayan makaranta, da ita aka riƙe ni har na zama malamar firamare. Shi ya sa ranar da aka fara yi mini maganar barin hatsi, dariya na yi.

Ciwon ya daɗe yana bina a hankali. Da na ci tuwo sai cikina ya kumbura ya yi tauri, ruku'u ma ya zama aiki. Da safe gwiwoyina da yatsun hannuna sukan riƙe, alli da ƙyar nake kama shi. In na taso daga makaranta barci ke kwashe ni a kan tabarma da hijabina a jiki. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha sassaƙe, na sha maganin gyambon ciki har na gaji. Da na je asibiti aka auna jinina, likita ya ce sukari ya fara hawa, bai kai wurin tsoro ba amma ya kama hanya. Ya ba ni magani, ya ce in rage tuwo da shinkafa da burodi, in yawaita ganye da kifi. Na ce to. Na fito, a hanya na tsaya na sayi burodin shayin safe kamar kullum.

Ɗiyata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a wani gari. Ta zo hutu a wannan tsakanin, ta ga yadda nake dafa bango kafin in miƙe. Bayan nan muka zauna tsinkar zogale. Nan ta ciro wayarta ta nuna mini wani tsarin cin abinci da ta ce Turawa na kira faliyo. Wai mutum ya ci irin abin da mutanen farko suka ci kafin a san noma: nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace da saiwoyi irin su dankali da gwaza. Ya bar hatsi kowane iri, ya bar wake da gyaɗa, ya bar madara da sukari. Na tambaye ta wa ya je ya gano musu abin da mutanen farko suka ci. Ta yi dariya, ta ce in bar labarin, in ɗauki abincin.

"Mama, ba magani ba ne," in ji ta. "Maganinki kada ki ajiye shi. Amma ki gwada na ɗan lokaci, jikinki zai gaya miki gaskiya."

Tare muka koma wurin likitan. Ya saurare ta da kyau, ya ce babu laifi a gwada, sai dai in yi hankali da zuma da rogo da dabino, don su ma suna ɗaga sukari, kuma in riƙa zuwa awo. Da wannan muka dawo gida. Washegari ta koma gidan mijinta, ta bar ni da tukunya biyu, ɗaya ta gida ɗaya tawa.

Makonnin farko ban ji daɗinsu ba. Nakan ci kifi da kabeji da dafaffen ƙwai har in ji cikina ya cika, amma zuciyata tana cewa ban ci abinci ba. A wurinmu wanda bai ci tuwo ba da yunwa ya kwana, ko me ya ci kuwa. Ina tuƙa tuwon masara da hannuna, tururin yana dukan fuskata, in kwashe in mulmula in kai wa Malam, mai gidana, sannan in dawo in zauna gaban kwanon ganyena. Malam mutum ne mai ƙarancin magana, ya yi aikin gona na ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Bai hana ni ba, bai kuma yaba ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya fara ɗaukar kwanonsa yana fita zaure. Na ɗauka fushi yake yi. Da na tambaye shi sai ya ce yana jin nauyin ya ci tuwo a gabana ina kallo. Na ce masa kaɗaicin ya fi ƙamshin tuwon damuna, ya dawo mu ci tare. Ya dawo. Ranar har ya miƙa hannu cikin kwanona ya ɗanɗana kwaɗon zogalen da na yi da riɗi maimakon ƙuli-ƙuli, ya ce gishiri bai ji ba.

Abu ɗaya na ƙi bari, daddawa. Ɗiyata ta ce a ƙa'idar tsarin ita ma dangin wake ce. Na ce to a ƙa'idar gidana miya ba ta yiwuwa sai da ita. Har yau ina sawa, ba ta kuma taɓa damuna ba.

Mai wuyar ita ce Inna. Ta tsufa, ta bar sayarwa, tana zaune a gidan ƙanena a can ɗaya gefen gari, amma kowace Juma'a sai ta kunna wuta ta soya masa ta aika gidajen 'ya'yanta. Na san in na yi shiru labari zai je mata ta wani bakin, don haka na shirya na tafi da kaina. Na same ta a inuwar darbejiya tana tsince shinkafa a faifai. Na gaishe ta, na zauna, na yi mata bayanin ciwon da abin da likita ya ce da abin da jikarta ta kawo. Ta saurara ba ta ɗago kai ba. Da na gama sai ta ce:

"Mi masa ta yi miki?"

Na ce ba ta yi mini komai ba, jikina ne ya canza. Ta ce ita ta ci shinkafa da gero tun tana goye, ga ta nan da haƙoranta. Ta ce mutanen yanzu waya ce ke gaya musu abin da za su sa a baki. Ban yi musu ba, don rabin maganarta gaskiya ce. Da zan tafi ba ta rako ni ƙofa ba kamar yadda ta saba. Juma'ar da ta biyo baya kwano ya zo, an rage masar, ta Malam kaɗai aka zubo. Na daɗe ina kallon kwanon nan. Ni na ce kada a kawo mini, amma da aka daina sai na ji kamar an cire sunana daga gidanmu.

Wannan ne ya tura ni gwajin gashi. Ina son wani abu da zan riƙe a hannu in gutsura, in tsoma a miya ko in ci da ruwan zafi. Ɗiyata ta turo mini hotuna da bayanai, amma yawancinsu da garin wasu 'ya'yan itace ake yi waɗanda ban taɓa gani a kasuwar Yauri ba. A cikin jerin sai na ga aya. Na sake dubawa, aya dai tamu, wadda muke tauna a aji muna ɓoye wa malamai. Ashe ba hatsi ba ce, ba kuma dangin gyaɗa ba, 'yar saiwa ce da ke ƙasa.

Na sayo busasshiya, na wanke, na tsince tsakuwa, na shanya, na kai inji. Mai injin ya ƙi karɓa da farko, ya ce aya tana da maiƙo, tana liƙe masa haƙoran inji. Da na roƙe shi ya yarda, amma garin ya fito haɗe da ragowar masarar wanda ya riga ni. Daga baya muka daidaita, in zo da sassafe kafin ya zuba komai. Na tankaɗe da rariya mai laushi, na kwaɓa da ƙwai da man kwakwa da ɗan bakin hoda, hodar nan da ke sa ƙullu ya tashi. Ba ni da abin gashi na zamani. Tsohuwar tukunya na samu na zuba yashin bakin ruwa a gindinta, na jera gwangwanayen madara da na shafa wa mai, na rufe, na ɗora garwashi a kan murfin.

Na farko ya ƙone a ƙasa, cikinsa ɗanye. Na biyu ya gasu amma da na taɓa shi ya wargaje kamar ƙasa, da cokali na ci. Na uku na ƙara garin rogo don ya kama jikinsa, na zuba da yawa, ya fito yana danƙo kamar roba. Malam ya tauna ya tauna, sannan ya tambaye ni a hankali ko haka ake son ya zama. Kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Wani yammacin na zauna gaban murhu idanuna cike da hayaƙi, na ce a raina mace mai jikoki tana wasan ƙasa da gwangwani, wannan wace irin wahala ce.

Abin da ya hana ni bari shi ne jikina. Wajen wata na biyu kumburin ya ragu sosai. Na lura zanina yana ɗauruwa ba tare da na saki numfashi ba. Barcin rana ya sake ni, ina dawowa daga makaranta in yi wanki har in duba littattafan yara. Yatsuna ba su warke sarai ba, amma safiya ta daina ba ni tsoro. Da na je awo likita ya duba takarda ya ce ana samun ci gaba, in ci gaba da maganin, in ci gaba da abin da nake yi.

Ana haka wata Asabar da hantsi na ji sallamar Inna a tsakar gida. Ba ta cika fita ba, sai da dalili. Ta ce asibiti ta je a duba mata ido, ta ga ya kamata ta biyo. Ta same ni ina fasa ƙwai a ƙullu. Ta zauna a kujerar tsugunno tana kallona, bakinta a tsuke. Can ta ce in miƙo kwanon. Ta sa yatsa ta lakata, ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Ƙullun ga bai kwana ba," ta ce. "Abin da bai kwana ba ina zai tashi?"

Na ce wannan ba a kwanar da shi, hoda ake sa masa. Ta ce ita dai ba ta san hoda ba. Ta sa aka je gidan ƙanena aka ɗauko mata tandarta, tsohuwar tandar ƙasa da ta yi baƙi ƙirin saboda shekaru. Ta haɗa garin aya da na rogo, ta dama da ruwan ɗumi, ta sa ɗan yis, ta rufe ta ce a bar shi sai gobe. A gidana ta kwana.

Da safe ƙullun ya yi tsami mai daɗi, ya ɗan kumburo. Inna ta zuba mai a ramukan tanda, ta zuba ƙullu da ludayi kamar yadda na ga tana yi tun ina yarinya. Da ta zo juyawa sai masar ta liƙe, ta tsage biyu. Ta gwada ta gaba, ita ma haka. Na ga ranta ya ɓaci, don ban taɓa ganin masa ta ƙi ta ba. Ta ajiye cokalin ta ce wannan gari ba shi da kirki. Na kira ɗiyata a waya na gaya mata halin da muke ciki. Ta ce a fasa ƙwai a ciki, a kuma dama ɗan garin rogon a wuta ya zama kamar koko a haɗa, shi zai riƙe ƙullun. Inna ta karɓi wayar ta ce wa jikarta ita ba ta taɓa jin masa da ƙwai ba, amma damammen gari kam ta san shi, haka ake yi wa ta shinkafa in ta ƙi kamawa. Suka yi ta ja-in-ja suna dariya, ni ina tsaye da ludayi.

Muka yi duka biyun. Muka rage wuta, don aya tana da zaƙinta, saurin ƙonewa gare ta. Masa ta farko da ta juyu lafiya, Inna ta ciro ta da tsinke, ta hura, ta raba biyu ta duba cikin. Ya yi 'yan ramuka kamar na gaske. Ta ci rabi, ta miƙo mini rabi. Launinta ya fi na shinkafa duhu, tana da ɗan ƙasa-ƙasa a harshe saboda dusar aya, amma gefenta ya soyu ƙarau, cikinta da laushi. Na tambaye ta yaya ta ji. Ta ce ba masa ba ce, amma 'yar uwarta ce. Na yi miyar taushe da kabewa da yakuwa da busasshen kifi, na daka agushi a maimakon gyaɗa. Mu uku muka ci a tabarma ɗaya, ni da ita da Malam, har ya nemi ƙari.

Tun daga ranar kwanon Juma'a ya koma zuwa da kashi biyu, fara a gefe ɗaya, mai duhu a ɗaya gefen, an raba su da ganye. Inna ta mayar da abin nata. Har ta fara yi mini gyara, wai ayata ba ta bushe sosai ba, wai ina yawaita ƙwai.

Abin da na koya a tanda shi na mayar cikin tukunyar yashi. Na gane garin aya shi ne jiki, na rogo kaɗan ake sawa don ya ɗaure, ƙwai ke ɗaga shi. Ayaba da ta nuna har bawonta ya yi baƙi tana isa zaƙi, ba sai an nemi sukari ba. Dusar da ke ragewa in an tace kunun aya, wadda da nake zuba wa awaki, in aka shanya ta aka sake niƙawa tana yin gari mai sauƙi. Garwashin sama ya fi na ƙasa muhimmanci. Da damina in ƙwan zabi ya yi yawa a kasuwa, kek ɗina ya fi kyau da ƙamshi. Nakan sa citta da kanumfari, wani lokaci in kankare kwakwa in zuba. Ranar da na fara ciro burodin da ya yanku da wuƙa bai farfashe ba, na ɗauki hotonsa na tura wa ɗiyata, ta amsa da cewa in ajiye mata gefen.

Azumin farko shi ma ya zo da nasa. Shan ruwa a gidanmu kunu ne da ƙosai, ga shi duka biyun sun fita daga hannuna. Ranar farko da aka kira salla na ɗauki dabino ɗaya da ruwa, na ji ƙamshin kunun tsamiya daga kofin Malam, hawaye suka taru mini ba tare da na shirya ba. Ba yunwa ba ce. Tun ina ƙarama wannan ƙamshin shi ne azumi a wurina. Daga baya na koyi ɗumama kunun aya da citta da ɗan tsamiya, in sha da zafinsa, in bi da kankana da farfesun tarwaɗa. Da sahur tuwon dankali nake yi ko na gwaza, da miyar kuka da warangi, 'yan ƙananan kifin nan da ake shanyawa a bakin tafki. Abin mamaki, azumin bai wahalar da ni kamar na shekarun baya ba. Da salla na gasa kek na aya da ayaba na raba wa maƙwabta tare da tuwon shinkafar da na yi musu. Wasu sun yaba, wata kuma ta aiko a tambaye ni ko fulawar ce ta lalace.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ƙin cin abinci ke taɓa zumunci. A makaranta malamai sun saba, har suna tsokanata da mai cin ganye. Amma a gidan biki abin daban ne. Aka yi haihuwa a dangin Malam, a wani ƙauyen masunta kusa da Wara, muka shiga jirgin inji muka tafi suna. Ruwa ya cika a lokacin, tsibiran da ake noman albasa duk sun nutse sai kawunan itatuwa. Na tafi da masata a ƙaramar kula. Da muka isa, uwar mai jego, wadda matar kawun Malam ce, ta tarbe mu da fura, ta kawo tuwon shinkafa da dafa-duka a manyan kwanoni. Na yi godiya, na ɗebi miya da nama, na buɗe kulata. Sai na ga matan ɗakin suna kallon juna. Matar kawun ta juya ta fita. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa a nan in baƙo ya zo da abincinsa, ana ɗauka yana tsoron a sa masa wani abu ne.

Nan na gane kuskurena. Na tashi na bi ta har madafa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, ban yi bayani da wuri ba." Na gaya mata ciwona tun daga farko, na nuna mata yatsuna, na ɓare masa ɗaya na ba ta. Ta karɓa tana dubana, ta ci. Ta tambayi da me aka yi, na gaya mata. Sai fuskarta ta saki. Ta ce ashe abincin wahala nake ci da gangan. Ta ba ni labarin yadda a wasu shekaru, in damina ta yi nisa hatsi ya ƙare a rumbu, kifi da rogo da ganyen rama suke ci har sabon gero ya nuna, suna jin kunyar baƙo ya gani. Ta yi dariya ta ce da sun sani da sun ce tsarin Turawa suke bi.

Ta sa aka ciro mini bandar kifi daga kan wuta, ƙurungu da rabin giwan ruwa, ta dafa mini rogo ta kawo da yaji. Ta zauna kusa da ni har na ci na ƙoshi, tana kore duk wadda ta zo da tayin shinkafa. Da za mu taho ta cika mini ƙwarya da warangi, ta ce in gaya wa Inna ta aiko mata da bayanin masar, don mijinta ma ƙafafunsa na kumbura. Na ce mata ya fara zuwa asibiti tukuna a auna shi, abincin ya biyo baya. A jirgi muna dawowa Malam ya ce ya ga lokacin da na bi ta madafa, ya yi ta addu'a a ransa. Daga wannan tafiyar na koyi in riƙa yin bayani tun a bakin ƙofa, kafin a ɗauko kwano.

Ba zan ce ban taɓa karya dokar ba. Akwai ranar da na ci tuwon dawa a gidan rasuwa don ban ga yadda zan yi ba, na kwana biyu ina jin sa a cikina. Akwai kuma ranar da na sha fura don kawai raina ya biya, ban ji komai ba sai daɗi. Na daina ɗaukar abin kamar shari'a. Na kuma san ba kowa ne zai iya ba. Mu Allah ya ajiye mu a bakin ruwa, kifi na shigowa kullum, ga dankali da kabewa daga ƙauyuka. Wanda ke da 'ya'ya da yawa a gida, hatsi ne rufin asirinsa, ba zan tsaya a gabansa ina kushe tuwo ba. Malaman makarantarmu biyu sun zo sun koyi gashin, ɗaya ta ci gaba, ɗaya ta ce ita wahalar tankaɗe ta ishe ta.

Da bazara ta gabato, Malam ya ce in shirya mu je Shanga. Yana da gonar gado a can, fadama ce da yake noman shinkafa, amma ta sama akwai wani yanki mai yashi da aka daɗe ba a taɓa ba. Ya nuna mini shi da sandarsa ya ce a nan yake son ya zuba aya, gefe kuma ya yi kunyoyin dankali. Na ce ai bai taɓa noman aya ba. Ya ce ya yi shekaru yana koya wa manoma abin da ya karanta a takarda, yanzu lokaci ya yi da zai koyi wani abu da hannunsa. Maƙwabtan gonar suka yi ta yi masa dariya, suna cewa mutane na fama su kashe aya a gona shi yana shuka ta. Ya ce musu tasa ta gida ce, an san da zuwanta.

Shekarar farko ba ta yi yawa ba. Ya shuka ta da kauri, ɓeraye kuma suka ci rabonsu. Amma da kaka muka je tono tare. Aikin aya aikin haƙuri ne, a ƙone ganyen, a tone ƙasar, a tankaɗe ta a babbar rariya, 'ya'yan su rage a sama haɗe da tsakuwa. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa ina tsincewa, ƙura ta rufe ni har gira. Matan da muka ɗauka aiki suna ta hira da harshensu suna juyawa Hausa in sun ga ina saurare. Ɗaya daga cikinsu ta ce a garinsu ana busar da muruci a daka shi gari a yi tuwo da shi, ta yi alkawarin kawo mini in gwada a tukunyar yashi. Da la'asar muka gangara bakin kogi muka wanke ayar a kwando, ruwan yana tafiya da jar ƙasa. Malam ya ɗebi ɗanya ya watsa a baki, ya ce baɗi zai ba ta tazara, kuma zai nemi kyanwa. Muka ɗaure buhun a bayan babur, muka kama hanyar Yelwa kafin rana ta faɗi.